Shirun Shinge na Huɗu

A ma'aikatar fasa dutsen nan ba a tashin nakiya sai ƙarfe ɗaya na rana, kuma ba a tashinta sai Mai Sito ta cire makulli daga wuyanta ta miƙa wa Dogo. Dogo ne ke ɗura nakiya a ramuka, shi ke jan waya har zuwa akwatin da ake murɗawa dutse ya tashi, amma makullin akwatin ba ya zama a hannunsa. Haka aka tsara tun kafin a ɗauke ta aiki: mai murɗawa daban, mai makulli daban.

Hanyoyi huɗu ne ke bi ta gefen dutsen, kowace da shingenta da mai tsaronta. Kafin ta ba da makulli sai ta kira su ɗaya bayan ɗaya a oba-oba, kowa ya ce ya rufe, ba kowa a ciki. Uku na farko da baki suke amsawa. Na huɗu yana can bayan dutse, cikin wani kwari inda murya ba ta taɓa tsallakowa ba. Abin da ke isowa sai ƙugi, shuuu, kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Wayar hannu kuwa, a kwarin nan amfaninta bai wuce duba lokaci ba.

Mai tsaron shinge na huɗu mahaifinta ne, shekararsa ashirin da biyu a wurin. Shi da masu riƙe makulli sun daɗe da sasantawa da ƙugin. Idan ta danna sau uku, ya san ana tambayarsa. Ya danna sau biyu gajeru, shu, shu, hanya a rufe take. Ya danna ya riƙe, a dakata. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, don kowa ya san shi, kuma ba wanda ya taɓa ganin dalilin ɓata takarda a kan abin da kowa ya sani.

Ita ce ta matsa aka sayo sababbin oba-oba, irin waɗanda ake ce wa dijital. Ba don son sabon abu ba. Batiran tsofaffin sun gaji, a caja su da safe, kafin rana ta take sun fara haki, kuma an daina kawo irinsu kasuwa. Sababbin ga araha, abin da zai sayi tsohuwa ɗaya ya sayi huɗu, ga sauƙin ɗauka. Ranar da aka kawo su an gwada su a tsakar ma'aikata, daf da injin niƙa dutse, inda da sai mutum ya yi ihu sau uku kafin a gane me yake so. Murya ta fito tas kamar mai maganar yana jingine da kafaɗarka. Aka yi ta tafi. Manaja ya ce, "Kun ji ko? Babu ƙugi ko kaɗan." Kowa ya ji daɗin haka, har da ita. A wurinsu ƙugi shi ne cutar da aka sayi magani dominta. Ba wanda ya ce a kai ɗaya kwari a gwada.

Da safen ranar da za a fara aiki da su, ta ajiye kwali a ƙofar sito, kowa ya zo ya jefa tsohuwa ya karɓi sabuwa. Baba ne ya zo ƙarshe, yana jujjuya tasa, mai jan salatif naɗe a eriya.

"Baba, kawo taka."

"Tawa me ta yi miki, Uwata?"

"Ta tsufa."

"Ni ma na tsufa. Kwalin zai ɗauke ni?"

Direbobin tifa da ke tsaye suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Sai dai a naɗe ka biyu, Baba."

"Kai da ko naɗewa ba za ka yi ba saboda tumbi," in ji shi. Ya karɓi sabuwar, ya auna ta a tafin hannu, ya taɓe baki. "Wannan ai ba nauyi. Me ke cikinta?"

"Magana ce a ciki, Baba, ba dutse ba."

Daidai nan aka kira ta ta fitar da man inji, ta juya. Da ta dawo ya riga ya hau kekensa ya nufi kwari. Ta rufe kwalin ta tura shi ƙarƙashin kantar sito.

Tun ƙarfe sha biyu hadari ya fara haɗowa daga gabas. Kafin ɗaya saura kwata ya yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke, ma'aikatar ta yi tsit don an kashe injin niƙa. Dogo ya gama ɗura ramuka arba'in, ya ja waya ya sauko, gumi ya jiƙa masa riga. Suka tsaya a rumfar akwati su uku, shi da ita da Manaja. Manaja ɗan ƙanwar mai ma'aikatar ne, bai daɗe da gama karatu ba, ba shi da mugunta, sai dai yana yawan duban agogo.

Dogo ya ɗaga kai ya dubi sama. "Malama, yau kada mu yi wasa. Kin san walƙiya da wayar nakiya. In ta sauka kusa, ba ta jiran makullinki."

Ta sani. Ta ɗaga sabuwar oba-oba.

"Shinge na ɗaya."

"A rufe. Ba kowa."

"Na biyu."

"A rufe, ranki ya daɗe. Kai, yau har numfashinki nake ji!"

"Ji da aikinka. Na uku."

"A rufe."

Ta danna sau uku, kamar yadda yatsanta ya saba. Ta jira. Ba abin da ya zo. Ta kai abin bakinta ta ce, "Shinge na huɗu. Baba, kana ji na?" Shiru. Ba irin shirun da ta saba ba, mai ƙugi a ƙarƙashinsa. Wannan shiru ne fes, kamar ta riƙe sabulu a kunne.

Ta sake kira. Ta matsa waje, ta ɗaga hannu sama, ta sake.

"Wataƙila bai gane inda ake dannawa ba," in ji Manaja.

"Na nuna masa."

"To ai tsoho ne. Ya rataye ta a shinge ya manta." Ya dubi agogo. "Saura minti tara. A buga jiniya."

Dogo ya murɗa jiniya, kukanta ya zagaye ma'aikatar. Masu aiki suka shige cikin kwantena, direbobi suka ja tifofinsu baya. Jiniya ba ta kai wa kwarin sosai, musamman in iska ta juya, wannan ma kowa ya sani.

Can sai 'yar fitilar da ke saman oba-obar ta ƙifta, kore, sau ɗaya, ta mutu. Ba sauti.

"Ga shi nan!" in ji Manaja. "Ya amsa."

"Sau nawa ya danna?"

"Ya dai amsa."

"Yallaɓai, biyu daban, riƙewa daban. Wannan ƙiftawar wanne ce?"

Manaja ya shafa ƙeya. Ya sassauta murya, don ba ya son a ji a kwantena. "Malama, tambaya ɗaya zan yi miki. A shekarun da kika yi a nan, sau nawa Baba ya ce a dakata?"

"Bai taɓa ba."

"Dogo, kafin ita fa?"

"Sau ɗaya. Shanu ne suka shigo."

"Sau ɗaya a shekara ashirin da biyu. Mutumin da tun sha biyu da rabi yake sauke shinge ko an kira ko ba a kira ba. A ɗaya gefen kuma ga wannan." Ya nuna hadarin. "Zuwa kwari a babur minti goma sha biyar ne, dawowa goma sha biyar. Kina ganin zai ba mu rabin awa? In walƙiya ta tashe ta da kanta, ba jiniya, ba shiri, wa ya san wanda zai fito daga kwantena a lokacin? Ni ba don tsakuwa nake magana ba, wallahi."

Abin da ya fi damunta shi ne gaskiya yake faɗa. Ta lalubi makullin ta saman riga. Ta dubi Dogo, ya kau da kai.

"Ni mai murɗawa ne," ya ce. "In kin ba ni, zan murɗa. In kin hana, ba zan ƙwata ba."

Aka yi tsawa can nesa, doguwa, mai gurnani. Saura minti biyar.

Ta cire igiyar daga wuyanta. Makullin na tafin hannunta, da ɗumin jikinta a jikinsa. Ta ga mahaifinta a zuci, zaune kan bulo a gindin shinge, tuta a cinya, yana jiran ƙasa ta girgiza ya ɗaga sandar shinge ya tafi cin abinci. Hakan ne ya fi kusa da gaskiya, sau dubu hakan take kasancewa. Ta ga hannunsa da safe yana jujjuya tsohuwar oba-obar. Sai ta tambayi kanta, shin ta ga jan salatif a cikin kwalin da ta rufe?

Ta dunƙule makullin ta zura da gudu.

"Malama! Ina za ki?"

Sito yana can ƙetaren fili. Takalminta ɗaya ya fita a hanya, ba ta tsaya ba. Ta jawo kwalin ta kife shi a ƙasa, tsofaffin suka zube da nauyinsu. Ta watsa su da hannu. Babu mai jan salatif. Ta ɗauki ɗaya ta murɗa, matacciya. Ta biyu, matacciya. Ta uku ta yi ƙara, ta kama.

Shuuuuuuu.

Ba ya yankewa. Ta tsaya durƙushe tana saurare, tana jiran ya yanke ya zama biyu gajeru. Bai yanke ba.

Ta dawo rumfa tana haki, ta ɗora abin a kan akwati. Ba sai ta yi bayani ba, Dogo ya ja da baya daga akwatin kamar ya ga maciji a kai.

"Innalillahi. Ya riƙe."

"Ko dai maɓallin ne ya maƙale a aljihunsa?" in ji Manaja, amma muryarsa ta rage ƙarfi. "Tsohon kaya ne fa. Ya zauna a kai, ƙila."

"Yi shiru, yallaɓai."

Ba ta taɓa ce masa haka ba.

Ƙugin yana sauyawa. Ta kara kunne. A cikinsa akwai wani abu da ke tasowa yana nutsewa, kamar mutum na magana a ƙarƙashin ruwa. Ba kalma ko ɗaya da za a kama, amma murya ce, kuma ta san mai ita.

"Dogo, ka ji?"

"Na ji."

"Me kuka ji?" in ji Manaja.

"Daga shinge murya ba ta zuwa," ta ce. "Ko kaɗan ba ta zuwa. In ana jin murya, to ba ya shinge. Ya hau dutse."

Dukansu suka juya suka dubi saman dutsen. Ta bayan wancan tudun ne hanyar ƙafa ke hawowa daga kwari, kuma inda take ɓullowa bai fi taku talatin da ramuka arba'in ɗin Dogo ba.

Ƙarfe ɗaya ta buga. Muryar ta ƙara ƙarfi kaɗan, ta fara rarrabuwa kamar za ta zama kalmomi. Sai ƙugin ya yi rauni, ya shaƙe, ya ɗauke ɗif.

Ta girgiza oba-obar. Fitilarta na ci. Tata ba ta mutu ba.

"Ya saki," in ji Manaja a hankali. "Ƙila abin da ya tsayar da shi ya wuce."

"Bai danna biyu ba."

"Malama..."

"In ya wuce, biyu zai danna. Batirinsa ne ya ƙare. Na san batiran nan, don su na sa aka sayo waɗancan."

Walƙiya ta keta sama daga gefe zuwa gefe. Dogo yana motsa leɓe yana lissafi, bai kai shida ba tsawa ta fashe. Ya durƙusa ya kwance wayoyin daga akwati, ya murɗe bakinsu waje ɗaya.

"Wannan iyakar abin da zan iya ke nan," ya ce. "Sauran na sama ne."

Manaja ya miƙa mata hannu, ba da tsawa ba. "Ba ni makullin in riƙe. In wani abu ya faru, a ce ni ne."

"In wani abu ya faru, yallaɓai, me zan yi da wanda aka ce shi ne?"

Ta mayar da igiyar wuyanta, ta tura makullin cikin riga. Oba-oba biyu a gabanta, tsohuwa da sabuwa, duka shiru. Ta rasa wadda za ta kalla. Iska ta taso mai sanyi, ta kwashi ƙura da ledoji ta watsa musu a fuska.

Sai sabuwar ta buɗe baki, tas, har da hakinsa.

"...wannan abar banzar ma tana aiki kuwa? Uwata! Uwata, kina ji na?"

Ta fizge ta har ta kusa suɓuce mata. "Baba! Kana ina?"

"A'a, ashe tana magana. Ina kan dutse, ina hango rumfarku. Kada ki ba da makulli."

"Yana wuyana. Me ya faru?"

"Mai fatsar nan ne da ke zuwa tsohon ramin da ruwa ya cika kamun kifi. Ya shiga da hantsi, ban ga fitarsa ba. Na bi shi, na tarar ya zame ya gurɗe ƙafa, ba ya iya takawa. Ni kuma ba zan iya ɗaukarsa ba, ƙaton mutum ne. Yana gindin bangon dutse, daidai inda duwatsu ke zubowa. Tun ɗazu nake kira a wannan, kamar ina magana da takalmina, shi ya sa na hawo ko za ta kama."

Dogo ya karɓe oba-obar. "Baba, Dogo ne. Ka ga wayoyi a ƙasa?"

"Ina ganinsu, ɗan nan. Ni na koya maka tsallake su."

"To kada ka ƙara taku ɗaya da wannan abin a hannunka, yana iya tashin nakiyar. Juya ka sauka ta inda ka hawo. Yanzu, Baba, don Allah. Ga ni nan zuwa da a-kori-kura."

Kafin ya rufe baki Manaja ya riga ya shiga motar ya tayar. Dogo ya mayar mata da oba-obar, suka fita da gudu, tsakuwa na tashi a bayansu. Aka bar ta ita kaɗai a rumfa.

Ta ga ɗigon farar hula a saman dutse, ya juya, ya ɓace. Ta kira, "Baba, kana sauka?" Ya ce, "Ina sau..." sai maganar ta yanke a tsakiya kamar an sa almakashi. Ya koma bayan tudu ke nan. Daga nan ba ta da abin saurare. Da tsohuwar ce, da ta bi shi da kunne, ƙugin na raguwa tana sanin yana nisa. Ta zauna a ƙasa ta jingina da akwati, ƙafa ɗaya ba takalmi, tana kallon sama. Duk walƙiyar da aka yi sai ta runtse ido ta jira ƙasa ta motsa. Sau bakwai aka yi.

Biyu saura minti ashirin da biyar mai shinge na uku ya kira. "Ranki ya daɗe, ga su nan sun ɓullo ta wajena. Su huɗu ne. Baba na baya yana yi wa Manaja faɗa a kan tuƙi."

"Kwarin fa?"

"Ya ce ya ɗaure shinge da sarƙa, ya duba har rami, ba kowa."

Da suka iso Dogo ya diro tun mota ba ta tsaya ba, ya mayar da wayoyi. Aka sake buga jiniya. Ta kira na ɗaya, na biyu, na uku. Sannan ta juya ta dubi mahaifinta, yana tsaye taku biyu daga gare ta, wandonsa duk taɓo.

"Shinge na huɗu."

"A rufe," ya ce. "Yau kin ji da baki."

Ta ba da makulli. Dogo ya murɗa. Ƙasa ta buga a tafin ƙafarta, bangon dutsen ya kumbura ya sulale, ƙura ta tashi ta haɗu da hadari. Kafin ƙurar ta kwanta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Suka fake a sito. An kwantar da mai fatsa a kan buhuna, ana ɗaure masa ƙafa, yana ta tambaya ko wani ya ɗauko masa kifinsa. Manaja ya tsaya kan tsofaffin oba-obar da ke warwatse a ƙasa, ya taɓa ɗaya da ƙafa.

"To yanzu wanne za mu yi? Mu mayar da sababbin?"

"Da ba don sabuwar ba, da ba mu san akwai mutum a gindin bango ba," in ji Dogo.

"Da ba don tsohuwar ba kuma..." in ji Manaja.

Baba ya zaro sabuwar daga aljihu ya ajiye a kan kantar sito. "Muryarta da daɗi, ban ƙi ba. Aibinta ɗaya. In ba ta ji ka ba, ba ta gaya maka ba ta ji ba." Ya zaro mai jan salatif ya ajiye kusa da ita. "Wannan kuma ta gaya miki, sannan ta mutu a hannuna a tsakiyar hawa. Kowace da halinta."

"Gobe ba za a tashi nakiya ba," in ji Mai Sito. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ce yallaɓai ba. "Sai na je kwarin da kaina da guda biyun nan na ji abin da ke fita da wanda ba ya fita. In sai an kafa eriya a kan tudu, a kafa. Kuma a rubuta a jikin akwati, da fenti: shingen da bai amsa ba, a buɗe yake."

Manaja ya dubi mai fatsa. Ya ce zai yi magana da kawunsa.

Ta zuba wa mahaifinta ruwa a kofi. Ya miƙo hannun dama, sai ta ga babban yatsansa a lanƙwashe, ya ƙi miƙewa, da shatin maɓalli a jikinsa, ja, mai kusurwa huɗu. Ta ajiye kofin ta kama yatsan tana murzawa a hankali.

"Minti nawa ka riƙe?"

"Ina na sani? Har ta mutu dai." Ya dube ta ta gefen ido. "Da safe kin ce in jefa a kwali."

"Na ce."

"In an gama gwajin, ki nemo mini batir."

"An daina kawowa, Baba."

"To ki nemo dai."